Yadda ake ɗaukar hoton biki da taro a Sakkwato

Ɗaurin aure ba ya cin lokaci. Liman ya zauna, wakilin ango ya nemi aure, waliyyin amarya ya bayar, a ambaci sadaki, a shafa Fatiha, jama'a su miƙe. Mai hoton da ya tsaya murɗa maɓallan kyamara a daidai wannan lokaci ya rasa abin da aka kira shi dominsa, kuma ba wanda zai sake ɗaura auren don shi. Shi ya sa nake ganin rabin aikin hoton taro tun kafin ranar ake gama shi: ka san abin da zai faru, da wanda zai yi shi, da inda rana za ta kasance a lokacin. Kyamara mai tsada tana da ranarta, amma ɗan gari da ya san tsarin biki, ko da waya ce a hannunsa, yakan dawo da abin da baƙo mai manyan kaya bai samu ba.

Ka fara da zama da masu biki

Kwana biyu ko uku kafin ranar, ka je ka zauna da wanda ya kira ka. Tambayoyin ba su da yawa, amma kowacce tana da nauyi. Ina za a ɗaura auren, kuma ƙarfe nawa? Bayan sallar Juma'a ne a masallaci, ko da hantsin Asabar a ƙofar gidan mahaifin amarya? Cikin sa lalle da kamu da wuni da walima da kai amarya, wanne ake son hoto, wanne ba a so? Wannan ta ƙarshen kada ka tsallake ta, domin gida gida ne. Akwai inda za a ce ka shiga ko'ina, akwai inda namiji ba ya wuce zaure.

Ka roƙi a haɗa ka da mutum biyu, ɗaya daga dangin ango ɗaya daga na amarya, waɗanda suka san kowa. Kai ba ka san wane ne kawun da ya taso daga Argungu ba, ba ka san gwaggon da ta riƙe amarya tun tana ƙarama ba. In aka tashi taro babu hoton waɗannan, duk kyan sauran hotunan ba zai wanke ka ba. Ku rubuta sunayen waɗanda dole a ɗauka, ka riƙe takardar a aljihu.

A nan ne kuma ake gama maganar kuɗi. Nawa ne aikin, nawa ne kafin alƙalami, hoto nawa za ka miƙa, na waya ne kawai ko har da albam da firam, kuma yaushe. Ka tambaya a fili ko an yarda ka sa wasu a shafinka na Facebook ko Instagram. In an ce a'a, to a'a ce.

In da hali ka leƙa wurin. Ƙofar gida a lungun Kanwuri ko Rijiyar Ɗorowa daban take da babban zauren taro na sabbin unguwanni irin su Gawon Nama da Arkilla. Ka duba ina ƙofar ta fuskanta. In gabas take kallo, da safe rana za ta bugi fuskar duk wanda ya jingina da bangon, ya dinga runtse ido. Ka nemi inda inuwa take, bishiyar dogonyaro ko dogon bango, ka sa a ranka can za ka kai mutane.

Kaya, daren da za a wayi gari

Ka cika batir biyu aƙalla, uku ya fi, kada ka dogara da za a kawo wuta da safe. Ka kwashe abin da ke kan memori, ka share shi a cikin kyamarar. Kyamara mai megafiksel 24 tana cin kamar megabait 25 zuwa 30 a kowane hoton RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, don haka memori mai gigabait 64 zai ɗauki kusan hoto 2,000. Duk da haka gara ƙanana biyu da babba ɗaya, don in ɗaya ya lalace ba duka bikin ya tafi ba. Filash na sama da batiransa, ɗan famfon hura ƙura, da ƙyalle mai laushi na goge madubin kyamara, wato gilashin idonta (lens). In madubi ɗaya za ka riƙe, ka riƙe mai zuƙowa irin mai milimita 24 zuwa 70. In kana da mai milimita 50 da ke buɗewa f/1.8, shi ne abokin cikin ɗaki, domin ƙaramar lamba a bayan f na nufin madubi ya buɗe sosai, haske ya shiga da yawa.

Mai waya shi ma yana da nasa shirin: ya rage kaya a wayar don a sami wuri, ya cika fawa bank, ya goge idon kyamarar. Yawancin hoton waya da ke fitowa kamar an shafa masa mai, zufar yatsa ce a kan gilashin.

Ka sa tufafin da ba za a ga bambancinka da 'yan biki ba, da takalmin da ake cirewa nan take, domin sau da yawa za ka hau tabarma ka sauka.

Ranar Sakkwato da farar shadda

A nan nake son in daɗe, domin nan ne hotuna suka fi lalacewa. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40, kuma da tsakar rana hasken daga sama yake sauka kai tsaye. Hula da rawani su jefa inuwa a ido, ƙarƙashin hanci ya yi baƙi, goshi ya yi ƙyalli da zufa. Ga kuma mazan biki, kusan kowa cikin farar shadda mai sheƙi.

Abin da ke faruwa a cikin kyamara shi ne, in ta ga fari ya cika mata ido sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage shi da kanta. Rigar ta fito daidai, fuskar mai rigar ta nutse cikin duhu. Kai kuma in ka ƙara haske don fuska ta fito, sai rigar ta ƙone ta zama fari fat, aikin zaren da aka biya maɗinki kuɗi mai yawa a kansa ya ɓace gaba ɗaya. Ango zai nemi fuskarsa a hoton, zai kuma nemi aikin wuyan rigarsa, dole ka ba shi duka biyun.

Magani na farko, kuma mafi sauƙi, shi ne inuwa. Ka kai mutane bakin inuwa, fuskarsu tana kallon fili mai haske, kai kuma ka tsaya a rana. Ka kula da inuwar bishiya mai ɗigo-ɗigo, wadda ke bar wa fuska tabon haske nan da can, wannan ta fi rana muni. In babu inuwa, ka sa rana a bayansu, ka kunna filash ko da rana tsaka, ka rage masa ƙarfi kamar mataki ɗaya, wato zuwa rabi, ya cike duhun ido kawai. Yawancin kyamarori ba sa aiki da filash in saurin ƙyaftawa, wato yadda kyamara ke buɗe ido ta rufe, ya wuce 1/200 ko 1/250 na daƙiƙa, don haka a rana ka sa ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, a 100, ƙyaftawa 1/200, buɗewar madubi wajen f/11, sannan ka gyara daga nan.

Ka kunna alamar nan da ke walƙiya a allon kyamara a duk inda fari ya ƙone. Ka yi ta rage haske har walƙiyar ta bar jikin rigar. Fuska in ta ɗan yi duhu a hoton RAW ana iya ɗago ta a kwamfuta, amma farin da ya ƙone ba ya dawowa. A waya kuwa, ka taɓa fuskar mutum a allo, ka danne yatsa har ta kulle, sannan ka ja alamar hasken ƙasa kaɗan. Kada ka zuƙo da yatsu biyu, ka taka ka matsa kusa.

Rumfar haya ma tana da nata sharrin. In tamfol ɗin ja ne ko kore, launin zai sauka a fuskar duk wanda ke ƙarƙashinsa, farar riga ta koma ruwan hoda ko ta yi kore-kore. Ka saita farin kyamara, wato ka nuna mata abin da za ta ɗauka a matsayin fari, daga farar rigar wani da ke zaune a cikin rumfar, ko ka ɗauki waɗanda ke bakin-bakin rumfa inda hasken waje ya fi ƙarfi.

Lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lamarin ya juya. Hazo yana tace rana, haske ya yi laushi, fuska ta fito lumui ko da azahar. Sai dai sama takan yi fari fes babu armashi, don haka kada ka ba ta wuri da yawa a hoton. Ƙura kuwa abokiyar gaba ce: kada ka canza madubi a fili, ka shiga ɗaki ko mota, bakin kyamara yana kallon ƙasa. Kada ka goge gilashi da gefen riga, yashin zai kankare shi. Ka fara hurawa, sannan ka goge. Da bazara kuma kada ka bar kyamara a cikin mota a rufe ko a kan kujerar babur a rana.

Mafi kyan haske a kowane wata shi ne na sassafe da na bayan La'asar zuwa dab da Magariba. In kana da ta cewa a kan lokacin hoton ango da amarya su biyu, ka ja shi zuwa nan.

Wurin ɗaurin aure

Ka riga jama'a zuwa. Ka ɗauki wurin kafin ya cika: tabarmi a shimfiɗe, goro da alawa da dabino a faranti, dattawa suna isowa ana gaisawa. Ka je ka durƙusa ka gaida liman, ka nemi izini: "Allah shi gafarta Malam, ni ne mai hoto, ina ya dace in tsaya?" Wannan gaisuwar takan sama maka wurin da ƙarfi ba zai ba ka ba.

Ka zauna ko ka tsuguna a gefe, inda kake ganin fuskar liman da waliyyi da wakili a tare. Kada ka tsaya ƙiƙam a kan dattawa suna zaune, kada ka ƙetare ƙafar kowa, kada ka ratsa gaban mai sallah. A cikin masallaci ka kashe filash da ƙarar kyamara, ka ɗaga ISO zuwa 1600 ko 3200, saurin ƙyaftawa kada ya gaza 1/125. Hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa ya fi hoton da ya girgiza.

Abu uku kake jira: lokacin da wakili ya sunkuya yana nema, lokacin da ake miƙa sadaki ko ake nuna shi ga shaidu, da lokacin da hannuwa suka tashi don Fatiha. Na ukun shi ne hoton ranar. Da ka ji an ce "a yi salati", yatsanka ya riga ya hau maɓalli. Ana shafawa wuri zai yamutse, sanƙira ya ɗaga murya, kowa ya nufi ango. Ka riga su isa gabansa, ka ɗan ja baya, ka ɗauki musafaha da rungumar abokai yadda suke zuwa. Waɗannan ba sa buƙatar ka ce wa kowa ya tsaya.

Hoton jeri kuwa, nan ne ɗan gidan da aka haɗa ka da shi zai yi aiki. Shi zai kira mutane da sunansu, kai kana gyara tsayuwa. Ka fara da dattawa da manyan baƙi, domin su ne ke fara tafiya kuma bai dace a tsayar da su a rana ba. "Ranka shi daɗe, a ɗan matso nan inuwa." "Baba, a ɗan ɗaga hula kaɗan." Abokan ango su jira, ba inda za su. In layi biyu ne ko uku, ka sa buɗewar madubi f/5.6 zuwa f/8 don na baya ma su fito sarai, ka saita idon kyamara a kan layin gaba. Ka ɗauka sau uku ko huɗu a jere, domin a cikin mutum 15 sai an sami mai ƙyafta ido. Za ka ga masu waya sun jeru a bayanka, idanun jama'a sun rabu, wani na kallon nan wani na kallon can. Ka ce musu da fara'a su bari ka fara, in ka gama wuri nasu ne, sannan ka ɗaga hannu ka ce kowa ya dube ka.

Cikin gida

Wannan ɓangaren amana ne kafin ya zama sana'a. In gidan ba a shiga, a nemi mace mai hoto, kuma ina ganin duk mai wannan aiki da gaske ya kamata ya kasance yana da abokiyar aiki mace da zai tura. 'Yan mata masu sha'awar sana'ar su sani akwai kasuwa babba a nan, domin ke za ki shiga ɗakin amarya ki ga abin da namiji ba zai taɓa gani ba.

In an yarda ka shiga, ka yi sallama, ka jira a ce ka shigo, ka ba mata lokaci su gyara mayafi. Ka nemi uwar biki: "Hajiya, su wa za a ɗauka, su wa ba sa so?" Matar da ta juya baya ko ta ja mayafi ta rufe fuska ta riga ta ba ka amsa, kada ka bi ta da kyamara. Ka kula da bayan hoton ma, domin sau da yawa amarya ta fito da kyau amma can a kusurwa ga wata tana shayar da jariri ko tana cin abinci.

Ɗakin amarya yakan zama ƙarami, ga duhu, ga ƙawaye cike. Ka kai ta kusa da taga ko bakin ƙofa, hasken ya zo mata ta gefe, ka kashe ƙwan ɗakin in launinsa yana gurɓata na tagar. Lalle a kusa ake ɗaukarsa: hannuwa a kan cinya bisa leshi ko atamfa, yatsu a sake ba a sandare ba, ka saita a kan zanen bayan hannu. Haka zobe da sarƙa da ɗaurin kallabi. Ka ɗauke ta da zarar mai kwalliya ta gama, kafin zafi ya fara aikinsa. Lokacin kamu, ka tsaya inda kake ganin amarya a lulluɓe da kuma hannun mai fesa turare. Ranar kai amarya za a yi kuka, na uwa da na 'ya. Ka ɗauka daga nesa, hoto ɗaya ko biyu, ba tare da filash ba, ka sauke kyamara.

Dare a zauren taro

Ka juya kan filash ya kalli silin in fari ne kuma bai yi nisa ba, haske ya dawo a baje. In silin ya yi tsawo ko mai launi ne, ka sa ɗan farin kati a bayan filash ɗin. Fara da ISO 800 zuwa 1600, f/2.8 ko f/4, ƙyaftawa 1/100. Wutar Nijeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, shi ya sa wasu fitilu ke jawo ratsi-ratsi a hoto, kuma 1/50 ko 1/100 yakan kawar da su. Fitilun nan masu juyawa ja da shuɗi, ka roƙi mai kula da su ya tsayar da su a fari lokacin shigowar ango da amarya da lokacin yanka kek. Ka karɓi tsarin shirin daga mai gabatarwa don ka san abin da ke tafe.

Akwai maganar liƙi. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya haramta watsa naira da tattaka ta a wurin biki, kuma a 2024 hukumar EFCC ta gurfanar da mutane a kotu kan haka, bayan bidiyonsu ya yaɗu a intanet. Don haka hoton da ake watsa kuɗi, in ma ka ɗauka, ka miƙa wa masu shi kawai, kada ya fita ta hannunka.

Sauran taruka

Suna da sassafe ake yi ran kwana bakwai, kuma ya fi ɗaurin aure saurin ƙarewa, don haka ka isa tun ana shimfiɗa tabarma. Jariri a ɗauke shi da hasken taga, ba a haska masa filash a fuska. Walimar saukar Alƙur'ani, ka nemi ɗalibi da allonsa mai zayyana, da malaminsa, da fuskar iyaye lokacin da yake karantawa.

Naɗin sarauta da duk abin da ya shafi fada, ko ta Sarkin Musulmi ko ta hakimi, yana da tsarinsa. Ka nemi izini tun da wuri, ka tsaya inda dogarai suka nuna maka, ka jira lokacin da ake naɗa rawani da lokacin da ake yafa alkyabba. In akwai hawa, doki a guje yana son ƙyaftawa 1/1000 ko fiye, da saitin da ke bin abu mai motsi. Ka sami bango ko dakali a bayanka, kada ka shiga hanyar mahaya don neman hoto. Kokawa da dambe ma haka, 1/1000, ka tsuguna ƙasa don ƙurar da ƙafa ke tayarwa ta shigo hoton.

A kowane taro, da an kira sallah ka sauke kyamara. Ka kuma bar mutane su ci abinci cikin kwanciyar hankali, ba mai son ganin kansa da loma a baki.

Bayan an watse

A daren nan, kafin ka kwanta, ka kwafe hotunan wuri biyu, kwamfuta da wata ma'ajiya daban. Kada ka share memori sai ka buɗe ka tabbatar sun shiga.

Wajen zaɓe ka cire mai rufaffen ido, da mai girgiza, da duk wanda mayafin wata ya zame ko wani ya fito a yanayin da ba zai so ba. Waɗannan gogewa ake yi, ba ajiyewa ba. Wajen gyara ka daidaita fari, ka ɗago duhun fuska, ka dawo da aikin zare a riga. Abin da nake roƙon masu gyara shi ne su bar wa mutane launin fatarsu. Ana mayar da amarya baƙa kyakkyawa fara sol, a goge fuskarta har ta zama kamar roba, alhali 'ya'yanta ne za su kalli hoton nan gaba suna neman kamanninsu a fuskar uwarsu.

Ka tura guda 10 ko 15 masu kyau washegari, lokacin da zumuɗi bai huce ba, sauran su biyo a ranar da kuka yi alkawari. In ta WhatsApp za ka tura, ka tura su a matsayin fayil, domin hanyar da aka saba tana matse hoto ta rage masa kyau, in aka je wankewa ya fito dishi-dishi. In suna da yawa, ka sa su a Google Drive ko filashin ajiya na USB, ka miƙa wa wanda ya ɗauke ka aiki shi kaɗai. Abokin ango ko ƙawar amarya in sun kira suna neman a turo musu, ka mayar da su wurin masu biki. Hotunan cikin gida kuwa ka ware su a jaka daban, su tafi hannun amarya ko mahaifiyarta. Wanda za a wanke a sa a firam, ka gwada ƙarami tukuna ka ga yadda launin ya fito a takarda, domin allon kwamfuta yakan fi takarda haske. Ka gaya musu wata nawa za ka riƙe kwafi a wurinka, don wanda wayarsa ta ɓata ya san har yaushe zai iya dawowa ya karɓa.